Rayuwar Ɗalibin Likita a Masar: Yadda Ake Koyon Ƙirar Jikin Ɗan Adam

Tsakanin shekarar 2011 da 2015, zamanin mulkin Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso na biyu, gwamnatin Jihar Kano ta tura ɗalibai masu yawa karatu ƙasashen waje, cikinsu har da 'yan mata da suka tafi koyon aikin likita a Masar da Sudan. Tun daga lokacin, ɗaliban sakandare a Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa suka ƙara sa ran samun irin wannan dama. To amma kaɗan ne suka san abin da ke jiran ɗalibi idan ya sauka daga jirgi. Darasi na farko da ke tankaɗe ɗaliban likita shi ne anatomi, wato ilimin ƙirar jikin ɗan Adam, kuma ilimi ne da hadda kaɗai ba ta ɗaukarsa, sai an haɗa da ido da hannu.

Yadda yini ke tafiya

A Masar ana koyar da likitanci da Ingilishi. Tun 2018 tsarin ya koma shekara 5 na karatu, sannan shekara 2 na horo a asibiti. Ɗaliba a Alƙahira ko Mansura takan fito da sassafe bayan ta karya da gurasa da dafaffen wake, abincin safen yawancin Misirawa. A watan Disamba da Janairu akwai sanyi mai ratsa ƙashi. Galibi safiya ta lacca ce, rana kuma ta aiki a ɗakin gawa ko ɗakin madubin ƙara girman abu, dare kuwa na bita da zane. Juma'a ranar hutu ce, amma bayan an sauko daga masallaci yawanci littafi ake komawa.

Harshe ma wani aiki ne. Sunayen sassan jiki daga Latin da Girkanci aka ɗauko su, malami yana bayani da Ingilishi, majinyaci da mai shago kuwa Larabcin Masar suke yi, wanda ya sha bamban da Larabcin da aka koya a Islamiyya. Bahaushe yana da ƙarin nauyi guda. Kalmar jijiya a Hausa ta ƙunshi abu huɗu da likita ba ya taɓa haɗa su: wadda ke fitar da jini daga zuciya, wadda ke mayar da jini zuciya, wadda ke ɗaukar saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da gaɓoɓi, da kuma wadda ke ɗaure tsoka da ƙashi, irin agara. Wanda ya rikita su a aji zai faɗi jarrabawa, wanda ya rikita su a ɗakin tiyata kuwa rai ne zai salwanta.

A ɗakin gawa

Ana adana gawarwakin koyarwa da sinadarin fomalin, mai kaifin wari da sa hawaye. Ɗalibai kan kewaye tebur rukuni-rukuni, sanye da farar riga da safar hannu, malami yana nuna tsoka ɗaya bayan ɗaya, inda ta faro da inda ta ƙare da jijiyar da ke motsa ta. Ranar farko wasu kan kasa cin nama, wasu har jiri ya ɗebe su, amma cikin 'yan makonni zuciya takan dake. Malaman fiƙihu na wannan zamani sun halatta wannan aiki saboda larurar ceton rai, bisa sharaɗin a kiyaye mutuncin mamaci. Saboda haka ba a wasa a ɗakin, kuma ba a ɗaukar hoto don nishaɗi.

Abin da ake son ɗalibi ya sani yana da yawa. Baligi yana da ƙashi 206. Haƙarƙari 12 ne a kowane gefe. Ƙashin baya gaɓa 33 ne: 7 a wuya, 12 a ƙirji, 5 a ƙugu, 5 da suka manne suka zama ɗaya, sai 4 na ƙarshe. Hannu ɗaya, daga wuyan hannu zuwa kan yatsu, ƙashi 27 gare shi. Mafi tsawo shi ne ƙashin cinya, mafi ƙanƙanta kuwa yana cikin kunne, tsawonsa kamar milimita 3. Waɗannan alƙaluma kowa zai iya haddace su. Jarrabawar aiki ce ke bambanta ɗalibai: a jera tebura, a soka allura a wani sashe na jiki, a ce ɗalibi ya faɗi sunansa da aikinsa kafin a kaɗa ƙararrawa ya matsa gaba. A nan, wanda bai taɓa dubawa da idonsa ba sai ya tsaya yana zare ido.

Gani ya kori ji

Tarihin Masar kansa ya tabbatar da wannan karin magana. Fiye da shekara dubu likitoci suna bin littattafan Jalinusa, likitan Girka, wanda yawancin binciken da ya yi a kan dabbobi ne, ya kuma rubuta cewa muƙamuƙin ƙasa ƙashi biyu ne. Wajen shekarar 1200 aka yi mummunar yunwa a Masar, sai malami Abdullaɗif al-Bagadadi ya duba ɗimbin ƙasusuwan waɗanda suka mutu, ya ga muƙamuƙin baligi ƙashi ɗaya ne tak. Haka kuma Ibn al-Nafis, wanda ya rasu a Alƙahira a 1288, ya musanta cewa akwai ƙofofi a bangon da ya raba zuciya biyu. Ya bayyana cewa jini yana tashi daga ɓangaren dama ya bi ta huhu kafin ya shiga ɓangaren hagu.

Misali na uku ya shafi kudancin Kano kai tsaye. An kafa makarantar likitanci ta zamani a Masar a 1827, aka mayar da ita Ƙasrul Aini a Alƙahira a 1837. A can ne, a 1851, wani likita Bajamushe mai suna Theodor Bilharz ya gano tsutsar da ke haddasa tsargiya yayin da yake binciken gawa. Tsutsar tana zama cikin jijiyoyin jini da ke kewaye da mafitsara, ƙwayayenta ne ke huda bangon mafitsarar, shi ya sa yaro ke fitsarin jini. Cuta ce ta wuraren da ruwa ke kwanciya da katantanwa a ciki, irin bakin madatsar Tiga da magudanan noman rani. Likitan da ya san shimfiɗar waɗannan jijiyoyi shi ne zai fahimci cutar. Haka nan wanda ya san inda saifa ke kwance, ƙarƙashin haƙarƙarin hagu, shi zai yi zargin zubar jini a ciki idan aka kawo wanda ya yi hatsari a Kwanar Dangora ko dajin Falgore, ko da babu rauni a fata.

Shiri tun daga gida

Ɗalibin sakandare ba sai ya jira biza ba kafin ya fara. Zuciyar rago ɗaki 4 gare ta kamar ta mutum, wuyansa ma gaɓa 7 ne. Malamin ilimin halittu zai iya sayen zuciya haɗe da huhu wurin mahauci ran kasuwa, ko ya nemi ɗalibai su lura da kyau ranar layya. A tsaga zuciyar, a gwada kaurin bangon ɗakunan ƙasa biyu: na hagu ya fi kauri nesa ba kusa ba, domin shi ke tura jini duk jiki, na dama kuwa huhu kawai yake kai wa. A hura iska ta maƙogwaro da famfon keke a ga yadda huhu ke kumbura. Kowane ɗalibi ya zana abin da ya gani, ba abin da ke cikin littafi ba, sannan a kwatanta biyun.

Akwai kuma abin da ya kamata iyaye su sani. Karatun waje yana da haɗarinsa: yaƙin da ya ɓarke a Sudan a watan Afrilu na 2023 ya tilasta kwaso ɗaliban Nijeriya karatu bai ƙare ba. Kuma duk wanda ya kammala a waje sai ya ci jarrabawar Majalisar Likitoci da Likitocin Haƙori ta Nijeriya kafin a ba shi izinin duba majinyaci. Don haka kafin a biya kuɗin makaranta, a tabbatar majalisar ta amince da ita, kuma ɗalibanta suna taɓa gawa da majinyaci da hannunsu.

Tambayoyin bita

1. Kawo abubuwa huɗu da Hausa ke kira jijiya, da aikin kowanne.
2. Me ya sa bangon hagu na zuciya ya fi na dama kauri?
3. Wane kuskuren Jalinusa al-Bagadadi ya gyara, kuma ta wace hanya?