Yadda Shinkafa Take Kare Kanta Daga Cuta

Duk wanda ya san noman shinkafa a fadamar Kogin Haɗejiya ya san cutar da ke ƙona ganye. Bakin ganyen kan fara yin rawaya, sa'an nan ya bushe. Wasu ƙwayoyin cuta da ido ba ya gani, watau bakteriya, su ne ke kawo ta. Ruwan sama da ambaliya ke yaɗa su.

To, ashe tsiro ma yana da masu gadi. A cikin jikinsa akwai ƙwayoyin gado da ke barci har sai abokin gāba ya shigo. Da zarar tsiron ya shaida shi, sai su farka. Nan da nan sai ya ƙara kaurin bangon jikinsa, ya haɗa guba, har ya kashe wurin da cutar ta kama don kada ta bazu. Haka ita ma ciyawar alfalfa, 'yar'uwar wake da gyaɗa, take yi.

Wani abin alfahari shi ne, daga shinkafar daji ta ƙasar Mali aka samo ɗaya daga cikin waɗannan masu gadi, mai suna Xa21. A shekarar 1995 Pamela Ronald da abokan aikinta suka ware shi a Amurka.

Saboda haka, mu nemi iri mai jure cuta, mu kuma rage zuba takin yuriya fiye da kima, domin yawansa na ƙara wa cutar ƙarfi. Rigakafi ya fi magani.