MALIMBE NA IBADAN: TSUNTSUN DA BABU IRINSA SAI A NIJERIYA

A cikin kurmin kudu maso yammacin Nijeriya akwai wani ɗan tsuntsu da ba a samunsa a ko'ina cikin duniya sai a ƙasar nan. Tsawonsa kamar inci 8 ne. Jikinsa baƙi wuluk, amma kansa da ƙirjinsa ja wur, jan namiji kuwa ya fi na macen faɗi. Yawancin abincinsa ƙwari ne.

Wani masanin dabbobi na Kwalejin Jami'a ta Ibadan, John Elgood, shi ya fara bayyana shi ga masana a shekarar 1958, ya raɗa masa suna Malimbus ibadanensis.

Wannan suna yana bin ƙa'idar da Linnaeus, mutumin ƙasar Suwidin, ya shimfiɗa wa dabbobi a 1758, watau kowace halitta ta sami suna biyu na Latin. Na farkon sunan gidansu ne, na biyun kuwa nata na kanta. Saboda haka Malimbus shi ne gidan, ibadanensis kuma ma'anarsa na Ibadan.

Kamar yadda mutum yake da ƙabila da dangi da gida, haka masana suka jera asalin tsuntsun. Yana cikin ajin Aves, watau tsuntsaye duka. Daga nan sai rukunin Passeriformes, wanda ya ƙunshi fiye da rabin ire-iren tsuntsayen duniya, ciki har da masu zaƙin murya. Danginsa su ne Ploceidae, masu saƙa sheƙa. Ashe ke nan ɗan'uwan kabare ne, da jan-baki mai yi wa manoman Arewa ɓarnar gero, ko da yake shi ba ya cikin masu wannan ɓarna.

Amfanin wannan jeri a fili yake. Sai an bambanta tsuntsu da 'yan'uwansa masu kama da shi kafin a iya ƙidaya shi. Binciken da aka yi tsakanin 1999 da 2002 ya nuna waɗanda suka rage kimanin 2,500 ne kawai, domin an sare yawancin kurminsu an mai da shi gonaki da garuruwa.

Don haka ana jan hankalin jama'a, musamman manoma da masu sana'ar katako, su kiyaye ragowar kurmin. In ya ƙare a Nijeriya, babu wata ƙasa da za a je a samo irinsa.