Hayaƙin Soja Da Takunkuminsa

Kawuna tsohon soja ne, kuma daga bakinsa na fara jin cewa sojoji kan ta da hayaƙi da gangan. Suna yin haka ne don su ɓuya wa abokan gaba sa'ad da za su ƙetare fili ko kogi. Na tambaye shi, ashe ba ya shaƙe su? Sai ya yi dariya ya ce, "Kai yaro, ai shi ya sa ake ba mu takunkumi." Wannan magana ce ta sa na yi ɗan bincike, ga kuwa abin da na samo, 'yan'uwana ɗalibai.

Akwai wani farin hayaƙi da ake kira HC. A cikin gwangwaninsa akwai tutiya da wasu sinadarai, waɗanda in sun ƙone sai su zama ƙurar zinki kulorayid. Wannan ƙura tana da tsananin son ruwa. To, huhun ɗan Adam kuwa a jiƙe yake, don haka da ta shiga sai ta narke ta dinga cin naman wurin. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne, mutum kan yi ɗan tari ya ga kamar ya warke, sai bayan sa'o'i ko kwanaki huhunsa ya cika da ruwa. A fili iska kan rage ƙarfinsa, amma a rufaffen wuri masifa ne. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu irin waɗannan gwangwanaye sun kama wuta a wani ramin ƙarƙashin ƙasa a tsibirin Malta, mutum 10 suka mutu.

Shi takunkumin ya samo asali ne tun 1915, sa'ad da Jamusawa suka saki iskar kulorin a Ipir ta ƙasar Beljiyam. Da farko sojoji jiƙaƙƙen tsumma suke ɗaurawa a hanci. Na yanzu yana da matata mai hawa biyu. Hawan farko wata takarda ce mai ƙananan ƙofofi, ita ke tare ƙura. Na biyu gawayi ne da aka gasa da tururi har ya yi ramuka birjik, shi ke kama iskar guba. Akan yi shi har da ɓawon kwakwa! Ga hayaƙi, takardar nan ita ce gaba, domin kuwa yawancinsa ƙura ce.

Amma fa takunkumin ba ya samar da iskar oksijin, ba ya kuma tare kabon monoksayid. Sannan dole bakin robarsa ya manne da fata, gashi kaɗan ya isa ya buɗe wa hayaƙi hanya. Kawu ya ce su kan toshe bakin matatar da tafin hannu su ja numfashi. In robar ta lotsa ta kama fuska, to, ya zauna daidai. In ba ta lotsa ba, sai a koma a gyara maɗauri, ko kuwa a nemo reza.