Lambun Kyanwa na Alƙahira: Darasi a Kan Riƙon Dukiyar Sadaka

An shirya wannan darasi ne domin hakimai da malamansu na Kazaure da Roni da Gwiwa, cikin ƙasar Sarkin Kazaure, da kuma na Babura, cikin ƙasar Sarkin Ringim. Batun da ke ciki shi ne dukiyar da mutane ke bayarwa saboda Allah don a ciyar da kyanwoyi marasa masu su. Mai yiwuwa ne wani ya ga abin ya yi ƙanƙanta ƙwarai da har za a ɓata takarda a kansa. Amma hanyar da dukiyar kyanwa ke bi ta salwanta, ita ce dai hanyar da dukiyar masallaci da ta marayu da ta gyaran rijiya ke bi. Ta kyanwa ma ta fi saurin lalacewa, gama mai haƙƙin ba ta da bakin kai ƙara gaban hakimi.

Yadda aka tsayar da lambun

Sarkin Misira Zahir Baibaras ya hau mulki a shekarar 1260, ya rasu a 1277. Mayaƙi ne, yana cikin manyan da suka karya rundunar Mongol a Ainu Jaluta a shekarar da ya hau. Shi ne kuma ya naɗa manyan alƙalai huɗu a Alƙahira, kowace mazhaba da nata, har da ta Malikiyya. Ya gina babban masallaci a arewacin birnin, kusa da shi kuwa ya tsayar da wani lambu waƙafi, watau hubusi, bisa sharaɗin abin da lambun ya bayar a saya wa kyanwoyin gari abinci da shi. Mutanen Misira suka sa masa suna Lambun Kyanwa.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga Musulmi. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwa, ta tsare ta, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nema da kanta ba, har ta mutu. A cikin Muwaɗɗa Imamu Malik ya kawo hadisin da ya nuna kyanwa ba najasa ba ce, ana alwala da ragowar ruwan da ta sha. Sahabi Abu Huraira ma laƙabinsa ke nan, ma'anarsa mai 'yar kyanwa. Mutanen ƙasashen nan kuwa sun san hubusin Alƙahira tun da daɗewa, don tun kafin Baibaras ya hau, mutanen Kanem sun ba da dukiya an gina makarantar Ibn Rashiƙ a can, inda ɗalibansu da alhazansu ke sauka.

Yadda lambun ya lalace

Bayan shekara fiye da ɗari biyar, wani Bature mutumin Ingila, Edward Lane, ya zauna a Alƙahira, ya rubuta littafi a kan al'adun mutanenta, aka buga a 1836. Ya tarar kowace rana da la'asar a kan kawo kayan cikin dabbobi a zuba a farfajiyar babban ɗakin shari'a, a kira kyanwoyi su taru su ci. Da ya bi diddigin abin, ya gane cewa daga aljihun babban alƙali kusan duka kuɗin ke fita.

To, ina lambun Sarki? Masu riƙon amanarsa sun sayar da shi. Hujjar da suka kawo ita ce wai ya lalace, ba ya iya ba da amfani sai an kashe masa kuɗi mai yawa. Wanda ya saya shi ma ya sayar, na gaba ya sake sayarwa, har ya zama abin da ya rage wa kyanwoyi daga dukan lambun bai wuce 'yar hayar ƙasa ta ƙirshi 15 a shekara ba. Da yake alƙali shi ne waliyyin kowane hubusi na gari, nauyin ya faɗa wuyansa, ya shiga biyan bashin sakacin waɗanda suka gabace shi. Lane ya ƙara da cewa a zamaninsa ciyarwar ma ta yi rauni ƙwarai.

Ya kamata malamin hakimi ya tsaya ya dubi wannan labari da kyau. Ba a ce wani sarki ya ƙwace lambun da ƙarfi ba, ba a ce gobara ta cinye shi ba. Waɗanda aka damƙa wa ne suka bar shi ya mutu, sa'an nan suka mai da mutuwarsa dalilin sayarwa. Lalle a ran da aka yi cinikin farko maganarsu ta yi kama da hankali: ga bishiyoyi sun bushe, ga rijiya ta rufta, ga mai saye da kuɗi a hannu. Kowane hakimi da ya daɗe a kan karaga ya taɓa jin irin wannan magana game da wani fili na makaranta ko wata rumfa ta masallaci.

Malaman Malikiyya sun san wannan ƙofa, sun kuwa rufe ta. A cikin Risala, wadda kowane almajirin ilimi ke karantawa a zaure, Ibn Abi Zaid ya bayyana cewa ba a sayar da hubusi ko da ya rushe. Ya yi togiya da dokin hubusi wanda ya haukace, shi a kan sayar, a sa kuɗin cikin wani dokin. Game da musanya rusasshen gida da wani mai kyau, ya ce malamai sun saɓa. Saboda haka duk inda aka zo wa hakimi da shawarar sayar da abin da aka tsayar, ba hurumin mai riƙo ba ne, ba kuma hurumin hakimi ba ne. Magana ce ta alƙali.

Wani gida a London

Akwai misali na biyu wanda ya bi wata hanya dabam. A shekarar 1860 wata mace mai suna Mary Tealby ta buɗe wurin tara karnuka ɓatattu a wata unguwa ta London. Jaridu suka yi mata ba'a, suka ce ga mutane na kwana da yunwa ita tana hidimar karnuka. A 1871 aka mai da gidan unguwar Battersea, a 1883 ya soma karɓar kyanwoyi, yana nan kuwa har yau. Ba da kuɗin Gwamnati ya ke tafiya ba, sai da gudummawar jama'a da abin da mutane ke bari cikin wasiyya.

Ba za a ce mutanen London sun fi na Alƙahira tausayi ba. Bambancin yana wajen lissafi. Tun 1853 Ingila ta kafa hukuma mai duba dukiyar sadaka, kowace babbar ƙungiya tilas ta kai mata lissafin abin da ya shigo da abin da ya fita kowace shekara, kowa kuma yana iya dubawa. Mai ba da sisi ya san za a rubuta sisinsa. A nan kusa, Jihar Kano ta kafa Hukumar Zakka da Hubusi a 2003, masarautun Jigawa kuma suna da kwamitocin zakka, waɗanda hakimai da dagatai ne ƙafafunsu a ƙauyuka.

Amfanin kyanwa a ƙasar noma

Ba al'adar ƙasar nan ba ce a gina wa kyanwa gida nata na kanta. Tana zaune cikin gidajen mutane, da bayan rumbuna, da gefen mahauta, da shagunan kasuwa. Amma aikinta ba ƙarami ba ne. Manomin Gwiwa ko na Roni da ya cika rumbu da gero da dawa, da ɗan kasuwar Babura da ya jibge buhunan gyaɗa da wake da riɗi, duk sun san ɓarnar ɓera. Ban da ɓarna akwai cuta. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganewa a garin Lassa na ƙasar Borno a 1969, wani irin ɓera ne mai yawan nonuwa ke ɗauke da shi, yana zuba shi cikin abinci ta fitsari da kashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ajiye kyanwa cikin hanyoyin tsaro, tare da rufe hatsi da nisanta juji daga gida. Maganin ɓera da a ke barbaɗawa kuwa ya kan kashe kaji, ya kashe kyanwar da ta ci mataccen ɓeran, wani lokaci har ya kai ga yara.

Duk da haka a wurare da yawa kyanwa na shan wuya. Yara su kan jefe ta, baƙa kuwa a kan ce mayya ce, muzuru in ya ɗauki ɗan tsako sai a bi shi da sanda har lahira. Hakimai su tuna wa masu unguwanni cewa tun dokar Finalkod da aka soma aiki da ita a Jihar Arewa a 1960, azabtar da dabbar gida laifi ne da a ke hukunta mutum a kansa.

In an kawo wa hakimi irin wannan sadaka

A ɗauka wani attajiri ya zo ya ce ya tsayar da shago guda, hayarsa a riƙa ciyar da kyanwoyin kasuwa da yi musu magani. Abu na fari, a tabbata ba zakka ba ce. Aya ta 60 ta Suratut Tauba ta ƙayyade kashi takwas da a ke ba zakka, babu dabba a ciki. Sadakar ganin dama ce ko hubusi, in kuwa wasiyya ce ba ta wuce sulusin dukiya sai magada sun yarda.

A nan ne za a ji masu cewa, ga marayu, ga zawarawa, ina amfanin ba mage? Maganarsu tana da nauyi, kuma hakimi yana da damar ya zauna da mai bayarwa tun kafin a rubuta kome, ya nuna masa inda bukata ta fi tsanani. In ya ji, madalla. In ya tsaya a kan niyyarsa, dukiyarsa ce. Abin da ba shi yiwuwa shi ne a karɓa da sunan kyanwa, sa'an nan a juya kuɗin a ɓoye zuwa wani aiki, kome kyansa. Ran da mutanen gari suka gane a kan canza sharaɗin mai bayarwa, mai niyyar tsayar da gona don marayu ma sai ya janye hannunsa.

A rubuta takardar hubusi gaban alƙali da shaidu, da iyakokin shagon gabas da yamma, kudu da arewa, da sharaɗin mai shi kamar yadda ya faɗa da bakinsa. Mai shi ya saki shagon ya fita daga hannunsa tun yana da rai da lafiya, gama a Malikiyya in ya mutu yana riƙe da shi, ya koma gado. Takarda ɗaya ta zauna wurin alƙali, ɗaya a ofishin hakimi, ɗaya a aika fada.

Sauran aikin na malami ne. Tsofaffin malamai da suka yi aiki zamanin En'e, kafin gyaran ƙananan hukumomi na 1976, sun san ƙa'idar Baitulmali: ba a karɓar kuɗi sai da rasit, ba a fid da kuɗi sai da takardar biya. Ita za a bi. A ware littafi dabam, kada a gama shi da na masallaci ko na zakka. Mai karɓar kuɗi dabam, mai sayen abinci dabam, kuma kada su zama 'yan gida ɗaya. Abin da aka kawo ba kuɗi ba shi ma a rubuta: in Sarkin Fawa ya ba da kayan ciki ran kasuwa, ko masuntan dam ɗin Kazaure suka ba da tarkacen kifi, a sa rana da mai kawowa da kimarsa. In ba a yi haka ba, mai saye yana iya karɓar nama kyauta ya rubuta ya saya. A kuma cire wani kashi na hayar tun da fari a ajiye domin yaɓe da gyaran rufi kafin damina, ko da kyanwoyi za su rage ci a wannan wata. Shagon da a ke gyarawa kowace shekara ba wanda zai zo ya ce ya lalace a sayar.

Wajen kashe kuɗin ma akwai lura. Kyanwa mai cin nama ce, tuwo da fura kaɗai ba su riƙe ta. Cikinta wata biyu ne da 'yan kwanaki, ta kan haifi uku zuwa biyar, tana iya haihuwa sau biyu ko uku a shekara, 'ya'yan kuma su soma nasu tun suna da kamar wata shida. In abinci kaɗai a ke zubawa, kafin shekara biyu bakin ya fi ƙarfin hayar shagon, maƙwabta masu kaji kuma su taso da ƙara. Don haka wani rabo na kuɗin ya tafi wurin likitan dabbobi, a fiɗiye muzurai, a yi wa mata aikin hana haihuwa, a yi musu allurar ciwon haukan kare, don kyanwa ma tana ɗaukarsa tana kuma sa wa mutum. Wanda ta ciza ko ta yaƙusa ya wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, ya tafi asibiti a ranar.

A ƙarshen kowace shekara malami ya haɗa lissafi, a karanta shi a ƙofar hakimi gaban liman da dagaci da magadan mai bayarwa, hakimi ya sa hannu, a aika da kwafe fada. In an yi sabon hakimi ko sabon malami, littafin nan da takardar hubusin su shiga cikin kayan da a ke ƙidaya masa a ranar da ya karɓi ofis, ya je da ƙafarsa ya ga shagon, ya auna iyakokinsa da abin da takarda ta ce.