Gidan Ƙasa da Yadda A Ke Kiyaye Shi

'Yan'uwa, darasinmu na yau a kan gida ne. Za mu ɗauki misali da Wurno ta ƙasar Birnin Kudu, ba Wurnon Sakkwato ba. Wannan yanki da na Gwaram suna kudancin Jihar Jigawa, wadda aka cire daga Kano cikin shekarar 1991, ruwan sama kuwa ya fi yawa a wajen bisa ga arewacin jihar. Saboda haka babban abokin gāban gidan ƙasa a can shi ne damina. Cikin 2022 ruwa ya rushe gidaje masu yawa a Jigawa, har aka yi hasarar rayuka. Ashe abin da za mu koya wa yara ba ado kaɗai ba ne, tsaron rai ne.

Da fari, tsari. Hausawa sun ce tun ran gini tun ran zane. Kafin a aza tubali ko ɗaya, sai a duba inda ruwa ya ke bi, a zaɓi tudu, a kuma ɗaga daɓen ɗaki ya fi tsakar gida bisa. Zaure ya fuskanci hanya, turaka da ɗakunan mata su koma ciki. Madafa ta kasance inda hayaƙi ba zai cika ɗakin kwana ba. Masai kuwa ya yi nisa da rijiya kamar mita 30, a wajen gangare, don kada ƙazanta ta bi ƙarƙashin ƙasa ta ɓata ruwan sha.

Na biyu, rufi. Magina suna son azarar giginya domin gara ba ta cika cinta ba. Amma fa azara ɗaya ba ta ɗaukar nauyin ƙasa in faɗin ya wuce kamar ƙafa 6, shi ya sa a ke jera ta hawa-hawa daga kusurwa, ko a yi bakan gizo. A sa indararo mai tsawo, wanda zai zubar da ruwa nesa da gindin bango.

Na uku, kayan ɗaki. Kada gado ko akwati ya jingina da bango, gama nan ne gara da sanyin ƙasa su ke ɓuya. Randa a ɗora ta bisa duwatsu, a rufe bakinta, a ajiye mata moɗa tata. Jere abin sha'awa ne, amma kada ya toshe taga. Tabarmi a riƙa shanya su a rana, a kuma ɗaura gidan sauro.

Na huɗu, wanda ya fi duka, shi ne gyara. Kowace shekara, tun da bazara, maigida ya hau soro ya cire ciyawa, ya share indararo, ya toshe tsaga, ya sake yaɓe da makuba, watau ɓawon ɗorawa da a ke jiƙawa don yaɓe ya ƙi ruwa. Sai bango ya tsage ƙadangare kan sami wurin shiga, ruwa ma haka. Ku dubi Gidan Makama a Kano, wanda asalinsa tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa ne, mai sarauta daga 1463 zuwa 1499. Ba ƙarfin ƙasa ne ya kawo shi yau ba, yawan gyara ne.

To, in kun zama malamai, kada ku tsaya ga allo. Ku sa kowane yaro ya zana gidansu, ya nuna inda ruwa ya ke kwanciya, ya ƙidaya tsagar bango, ya je ya gaya wa ubansa cikin ladabi kafin ruwan fari ya sauka. Allah ya sa mu amfana, amin.