Kafin Ka Ɗaga Silifa, Ɗaga Wayarka

Kowace damina sai hotuna sun cika mini waya, tambayar kuma ɗaya ce: "Malam, wannan wane irin ƙwaro ne?" Sai in buɗe in ga abu a rugurguje jikin bango, fiffike ɗaya nan ɗaya can, an riga an yi masa silifa. Jama'a, ni ba boka ba ne. Abin da aka murtsuke, ta ina zan gane shi?

Wanda ya fi shan wannan azaba shi ne ƙaton malam-buɗe-littafin nan na dare mai zanen ƙoƙon kai a gadon baya, wanda masana ke kira Acherontia atropos. Ana ta yawo da cewa ɗan aiken mutuwa ne, wai kuma in ƙurar fikafikansa ta shiga ido an makance ke nan. Ƙarya ce tsagwaronta. Ba ya cizo, ba ya harbi, ba shi da dafi. Ƙarar da yake yi in an taɓa shi iska ce kawai yake ja ta baki. Laifinsa ɗaya ne, yakan kutsa amya ya saci zuma. Ƙurar kuwa 'yan mitsi-mitsin ɓawo ne a jere, su ke ba fiffiken launi. In ta faɗa maka ido, wanke da ruwa. Kuma ba shi ke cin babbar rigarka ba, wannan aikin tsutsar asu ne can cikin akwati. Abin kiyayewa dai tsutsa mai gashi ce, don wasu na sa ƙaiƙayi.

Ire-iren malam-buɗe-littafin dare a duniya sun kai kimanin 160,000, ninkin ba ninkin na rana. Don bambance su, duba gashin da ke kansa: na rana mai kulki ne a ƙarshe, na dare kuwa siriri ne ko mai gezar gashin tsuntsu. Na dare in ya sauka yakan shimfiɗa fikafikai ko ya kifa su a kan jikinsa.

In kana son ganinsu, rataya farin zane a tsakar gida bayan Isha'i, ka haska shi da fitila mai caji. Daren da ba farin wata, ga zafi ga laima, ya fi kawo baƙi. In ɗaya ya sauka, ka bar shi ya natsu tukuna. Ɗauki hoto daga sama, ɗauki daga gefe, ka ajiye tsinken ashana kusa da shi don a san girmansa. Kashe filashin wayar, yana wanke zanen fiffike, sa wani ya riƙe maka tocila ta gefe. Rubuta rana da gari, sannan ka ɗora a manhajar iNaturalist. Sunan farko da za ta ba ka hasashe ne, jira masana su tabbatar.

Kada ka kama shi da yatsu, kada ka fesa masa fiya-fiya "don ya tsaya". Da zarar ɓawon ya goge, shaidar ta tafi.

Abin da ke ba ni haushi, wannan ba wasan yara ba ne. Tsutsar nan da ta addabi masara, wadda aka fara ganowa a Afirka a 2016, Nijeriya na cikin wuraren farko, ɗiyar wani ɗan malam-buɗe-littafin dare ce mai ruwan ƙasa. Manomin da ya gane uwar a jikin zanensa zai fara leƙa kunnen masara tun kafin ɓarna ta bayyana. Amma malaman gona nawa ne suka taɓa nuna wa manomi hotonta? Haka alharinin rigar tsamiya da ake taƙama da ita, tsutsar malam-buɗe-littafin dare dangin Anaphe ce ke saƙa shi.

In ka gama, kashe fitilar ka kaɗe zanen kafin asuba, in ba haka ba ƙadangaru da kaji ne za su karya kumallo da su.