Yadda Ma'aikaci Zai Koyi Fasahar GIS Ba Tare Da Ya Ajiye Aikinsa Ba

Duk wanda ya taɓa buɗe Google Maps a wayarsa ya riga ya ɗanɗana GIS. Fasaha ce da ke haɗa bayani da wurin da yake a doron ƙasa: rijiya da unguwarta, gona da iyakarta, asibiti da nisansa daga ƙauye. Da ita hukumomin filaye irin su AGIS a Abuja da KADGIS a Kaduna suke aiki, kuma da ita aka zana taswirar ƙauyukan Arewa lokacin yaƙi da cutar shan inna. Shi ya sa ma'aikatan lafiya da na gona da na safiyo ke komawa karatunta.

Abin da za a fara fahimta

Taswirar GIS shimfiɗa ce bisa shimfiɗa. Akwai wadda aka yi da ɗigo da layi da zagayen fili, kamar famfo da titi da gona. Akwai kuma ta hoto, kamar wanda tauraron ɗan adam ke ɗauka. Idan aka ɗora su kan juna, sai a ga, misali, ƙauyukan da suka yi nisa da asibiti.

Inda sabon shiga ya fi tuntuɓe shi ne ma'aunin wuri. GPS na waya yana aiki da WGS 84, tsofaffin taswirorin safiyo na Najeriya kuwa an yi su da ma'aunin Minna. Wanda ya haɗa su bai daidaita ba, ɗigonsa zai kauce da gomman mitoci. A kan iyakar fili, wannan ya isa ya tayar da rigima.

Kayan aiki

Manhajar QGIS kyauta ce, tana aiki a Windows da Mac da Linux. A waya kuma akwai QField da KoboCollect na tattara bayanai ko babu intanet, sai OpenStreetMap da ke ba da taswira kyauta. Sai dai GPS na waya kan yi kuskuren 'yan mitoci, don haka ya dace da ƙidayar rijiyoyi, ban da yanke iyaka.

Inda ake karatu

Jami'ar Kaliforniya da ke Davis tana da jerin darussan GIS a Coursera, waɗanda mutum zai bi da dare bayan ya tashi aiki. Kamfanin Esri, mai ArcGIS, yana ba da wasu kwasa-kwasan kyauta. Mai neman difloma kuma zai iya duba AFRIGIST a Ile-Ife ko Makarantar Safiyo ta Tarayya da ke Oyo.

Amma takardar shaida ba ta zana taswira. Mai koyo ya zaɓi ƙaramin aiki daga wurin aikinsa, kamar famfunan unguwa ɗaya, ya tattara su da waya, ya zana su a QGIS, ya ware masu aiki da waɗanda suka lalace. Wannan taswirar ce zai fara nuna wa shugabansa.